Tatsuniyar da Aka Karanta da Rana a Kan Fako

A garinmu, can cikin duwatsun ƙasar Keita, ba a yin tatsuniya da rana. Haka muka tashi muka tarar. In yara suka matsa wa tsohuwa rana na sama, sai ta miƙa hannu ta kamo bunun bakin ɗaki ta ƙulla, ta ce ta ɗaure tatsuniyar, sannan ta fara. Idan ta kai ƙarshe ta rufe, sai ta kwance ƙullin. Wanda ya yi ta da rana ba ƙulli, ko ya bar ta a buɗe bai kai ƙarshe ba, an ce cikin masu saurare wani zai ɓata a daji.

Baba malami ne. Shi ya zaunar da ni a zaure tare da yayyena maza har na iya karatu da rubutun ajami, kuma ya sha faɗa mana cewa ƙullin nan canfi ne, ciyawa ba ta tsare kowa. Kaka kuwa, wadda ta haifi innarmu, daga gidan da aka daɗe ana yi wa iskoki yanka ta fito, ko da yake tun kafin a haife ni ta kama salla. Tana salla, tana azumi, amma ba ta taɓa wuce gindin tsamiya ba tare da ta yi sallama ba. Tsakanin su biyun na girma. Maganar Baba ta zauna mini a kai, ta Kaka kuma ta zauna mini a ciki.

Abin ya faru ne wajen ƙarshen shekarun tamanin, bayan farin da ya cinye mana dabbobi. An kawo aikin jera duwatsu a kan fako, wato shimfiɗaɗɗen tudun da ke bisa garinmu, don a tare ruwan sama kada ya ci gaba da kwashe ƙasa. Maza sun watse cin rani, saboda haka mata ne ke aikin. Mu hau da sassafe da gammo da bido na ruwa, mu yi ta jidar dutse a ka, a sallame mu da hatsi da mai. Fakon nan ba shi da gabas ba shi da yamma ga wanda bai san shi ba. Baƙin dutse ne da guntayen sabara har iyakar gani. Inuwa ɗaya ce ta kirki, wata tsohuwar tsamiya a bakin kwazazzabo, kuma can muke fakewa in rana ta take.

Tare da ƙanwata muke hawa. Mijinta ya tafi cin rani ƙasashen bakin teku, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, ba shi ba saƙonsa. Ba ta da ɗa da zai ɗauke mata hankali, sai ta dawo gidanmu da zama. Yarinya ce mai yawan dariya a da. A lokacin nan kuwa dariyar ta ragu, sai ka ga ta aza dutse a ka ta tsaya tana kallon hanya har a taɓa ta.

Wata rana ɗiyar maƙwabcinmu, wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci, ta ciro wani ɗan littafi daga cikin zanenta. Wanta ne ya sayo mata shi daga Najeriya. A bangonsa an zana wata budurwa, da wani saurayi mai farin rawani wanda daga ƙugu zuwa ƙasa hayaƙi ne. Na karɓa na juya shi. Rubutun boko ne, yana tafiya daga hagu, ban iya ɗaukar ko harafi ɗaya ba. Na miƙa mata abinta, ta gyara zama ta fara karanta mana.

Ba ta yi nisa ba na gane na san labarin. Tatsuniyar Kaka ce. Budurwa ta je itace da tsakar rana, ta zauna gindin tsamiya ba sallama, ta kwance kanta tana tsifa. Sai ga saurayi kyakkyawa wanda inuwarsa ke kwanciya ta wajen rana, ya miƙo mata goran ruwa. A bakin Kaka labarin gajere ne, kuma don tsoratar da ƴan mata ake yin sa. Mai littafin kuwa ya ja shi, ya zuba masa zaƙi. Aljanin ya zama ɗan sarki, yana da gida a ƙarƙashin ruwa, yana kuka in bai ga budurwar ba, yana faɗa mata maganganun da ba wadda mijinta ya taɓa faɗa mata a cikinmu.

Wata tsohuwa da ke aiki tare da mu ta ɗaga hannu ta ce, “Ke ɗiyar nan, dakata. Wagga ba tatsuniya ba ce? Kun ƙulla?”

Mai karatun ta yi dariya ta ce, “Haba Inna, wanga littahi ne, da inji aka buga shi. Tatsuniya da baki ake yin ta.”

“To ke da mi kike karantawa, da gwiwa?”

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, “Inna, ko mun so ƙulli, ina bunu a nan? Sai dai mu ƙulla gashin kanki.” Tsohuwar ta ja tsaki, ta juya mana baya, amma ba ta tashi daga inuwar ba, kuma na ga kunnenta na wajenmu. Ni ma na yi dariya tare da su. Na ce a raina ai Baba ya faɗa, canfi ne.

Haka muka yi ta yi kullum da tsakar rana. A ajiye gammo, a sha fura, a buɗe littafi. Ƙanwata takan matso har gwiwarta na taɓa ta mai karatun. In an zo inda aljanin ke cewa ya jira ta tun kafin a haifi kakanninta, sai ta ce, “Don Allah maimaita wurin ga.” A maimaita. Ba a daɗe ba ta fara sa kwalli za a hau fako, har da ɗan turaren da ta ɓoye tun na aurenta.

Mata suka sa ta gaba. “Amarya, wa ake yi wa kwalliya a nan, ƙadangare?”

“Ku dai ku ɗauki dutsenku,” in ji ta, tana murmushi. Na ji daɗin ganin murmushin, don na daɗe ban gan shi ba.

Sai ranar da littafin ya ƙare. Aljanin ya tsaya a bakin kogon tsamiya, goran ruwa a hannu ɗaya, ya miƙo ɗayan ya ce wa budurwar ta taho. Mai karatun ta juya takarda, ta sake juyawa, ta ce shi ke nan, an rubuta cewa sauran yana cikin littafi na biyu. Littafi na biyu kuwa wanta bai sayo ba. Mata suka yi ta tsine wa mai littafin cikin wasa. Ƙanwata ba ta yi wasa ba. Ta ce a hankali, “To ta tahi ko ba ta tahi ba?”

Da yamma na tarar da Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na ba ta labari don in ba ta dariya. Mazarin ya tsaya a hannunta.

“A gindin wace itaciya kuka yi?”

Na faɗa mata.

“Kun ƙulla?”

Na ce ba bunu a can.

“Kun kai ta ƙarshe?”

Na ce littafin ya yanke a tsakiya. Kaka ta daɗe tana dubana, sannan ta duba wajen da ƙanwata ke zaune ita kaɗai bakin murhu. Ta ce, “Kun buɗe tatsuniya a ƙofar gidanta, gindin tsamiya, da rana tsaka, kun taho kun bar ta a buɗe. Kada ki bari ƙanwarki ta fita daga idonki.” Na san ƙarshen tatsuniyar a bakin Kaka. Budurwar ta sha ruwan gora, ta manta sunan uwarta, ta shiga cikin itaciyar, ba a sake ganin ta ba. Wai hawayenta ne ya sa ƴaƴan tsamiya tsami.

Daga ranar na zama inuwar ƙanwata. In ta ɗauki dutse ina bayanta, in ta zauna ina gefenta, ina karanta Falaƙi da Nasi a zuci ina tofa mata ba ta sani ba. Har ta fara jin haushi, ta ce, “Yaya, ni akuya ce da za ki ɗaure?” Kwanaki suka wuce lafiya, hankalina ya fara kwanciya.

Ranar da abin ya faru bazara ce sosai, irin zafin da dutse ke ƙona tafin hannu. Kamyo, wato babbar mota, ya kawo kayan aiki da tsakar rana, shef mai kula da aikin ya kira mu mu sauke. Ƙanwata ta ce za ta zaga bayan sabara. Na ga ta nufi can, na juya na kama kaya. Da muka gama muka koma inuwa, ga gammonta, ga bidonta cike da ruwa, ita babu.

Na zaga bayan sabarar, ba kowa. Na leƙa kwazazzabo, ba kowa. Na buɗe murya na kira sunanta, sai kwazazzabon ya maido mini da sunan, a wata murya siririya da ba tawa ba. Na san amsa-kuwwa, tun ina yarinya nake wasa da ita, amma ran nan ta ba ni tsoro. Daidai lokacin wata guguwa ta taso daga gindin tsamiyar, ta yi tsaye kamar mutum dogo, ta kwashi busassun ganye ta nufi gabas. Mata suka fara salati da ƙarfi. Tsohuwar nan ta damƙe mini hannu ta ce, “Kada ki ƙara kiran sunanta! Ba a kiran suna a daji da rana tsaka. Kina so ki koya musu shi?”

To in ba a kira suna ba, da me za a kira mutum? Muka watsu muna nema bakinmu a rufe, kowace na tsoron ta yi nisa da ƴar'uwarta. Dutse ba ya riƙe sawu. Duk inda na duba sabara ce iri ɗaya da baƙin dutse iri ɗaya, iska mai zafi na rawa a kansu. Tunani biyu ke cina. Ɗaya na Baba ne: mace ba ruwa a kan fako cikin wannan rana ba za ta kai gobe ba. Ɗayan na Kaka ne, shi kuwa ban yarda na ƙarasa shi ba ko a zuci.

Aka aika gari. Baba ya hawo da tsofaffin da suka rage, carbi a hannunsa, leɓɓansa na motsi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A bayansu sai ga innarmu ɗauke da taɓare, da wasu mata biyu suna fama da turmin gidanmu, Kaka na biye da sanda tana haki. Turmin nan tsoho ne, yana da tsaga a gefe, saboda haka ƙararsa ba ta kama da ta kowane turmi a garin. Ko daga rijiya kake ka san gidanmu ne ake daka.

Kaka ta sa aka kafa shi a fili nesa da tsamiyar, ta zuba gero tafi guda, ta ce wa ni da Inna, “Ku yi lugude. Sunanta kowa na iya kira. Wanga kuwa ita kaɗai ta san shi.”

Na dubi Baba, ina jiran ya hana. Ya dubi turmin, ya dubi rana da ta fara karkata, ya ce, “Ku daka. Ƙara ce, kunne ke jin ta. Allah shi kai ta inda yarinyar take.”

Muka fara. Ni in sauke, Inna ta ɗaga, Inna ta sauke, ni in ɗaga. A kan fako ƙarar ta fita wata iri, tana tafiya nesa ba abin da ke tare ta. Geron ya zama gari, garin ya tashi, muka ci gaba da dukan turmi. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, taɓaryar ta yi santsi. Kowace saukar taɓarya ina haɗa ta da sunan Allah. Inna ba ta yi kuka ba, sai dai haƙoranta a cije. In ta gaji wata ta nemi karɓar ta, sai Kaka ta ce a'a, hannun gida take so, don kowane hannu da irin luguden da yake yi.

Aka yi la'asar a nan kan duwatsu. Inuwar turmi ta yi tsawo. Mazan da suka tafi nema suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo sai ya kauce wa idon Inna. Na fara tunanin yadda za mu sauka mu bar ta a nan, da yadda zan shiga ɗakinmu in ga tabarmarta.

Rana ta yi ja sa'ad da mai karatun nan ta yi ihu ta nuna gabas. Wata ce ke tahowa can nesa, a hankali, ba kallabi, takalmi ƙafa ɗaya. Na saki taɓarya na ruga. Da na kusa sai na tsaya cik, kuma abin da na fara dubawa inuwarta ce, in ga ta wane gefe ta kwanta. Ta kwanta inda ta kowa ke kwanciya. Sannan na rungume ta.

Muka yi ta hamdala, amma tsoron bai ƙare a nan ba. Inna ta kai mata bido baki, ta kawar da kai. Mutum ya wuni a fako cikin bazara ya ƙi ruwa! Ta ce, “Na sha. Wani mai rawani ya ba ni.” Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Baba ya ce Buzu ne makiyayi, su ne ke yawo da salka a wannan daji, Allah shi saka masa da alheri. Mai yiwuwa haka ne, kuma har yau na fi son in yarda da haka. Sai dai ba wanda ya ga raƙumi ko akuya a fakon ran nan, kuma duk matan da suka ji littafin sun tuna goran ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya ta zauna a tsakar gida fuskarta na kallon tudu. Ba ta magana, ba ta neman abinci. Baba ya yi mata rubutu, sai an matsa take kurɓa kaɗan. In na kira ta sai ta dube ni kamar baƙuwar da ta taɓa gani a kasuwa. Mun same ta, amma ni na ga kamar rabinta ne ya sauko. Ko rijiya zan je sai na bar Inna a kanta. Aka sa masu zuwa kasuwar Madawa da ta Buza su nemo littafi na biyu, suka dawo hannu wofi.

Sai Kaka ta ce ita za ta rufe tatsuniyar. Ta aika a kira duk matan da suka ji farkonta, su zo bayan an ci tuwon magariba, don wanda ya ji fari dole ya ji ƙarshe. Hankalina ya tashi fiye da na ranar fako. Na same ta a ɗaki na ce, “Kaka, don Allah ki bari. Kin san yadda take ƙarewa. In ta ji budurwar ta shiga itaciya, mi kike so ta yi?”

Ta harare ni ta ce, “Ji mummuna. Ke kin hi ni sanin tatsuniyata? Tahi ki shimfiɗa tabarmi.”

Mata suka cika tsakar gida. Baba yana zaure, amma na lura bai rufe ƙofar da ke kallon ciki ba. Na zauna na riƙe hannun ƙanwata, yana da sanyi kamar randa. Kaka ta buɗe tatsuniyar yadda ake buɗewa, muka amsa. Ta bi ta daki-daki, itacen, tsifar, saurayin da inuwarsa ke kwanciya ta wajen rana. Ta ƙara da gidan ƙarƙashin ruwa da ta ji a bakinmu, har da kukan da yake yi. Ƙanwata ta juyo da fuskarta daga tudu, karo na farko. Da aka zo bakin kogo, ya miƙo hannu ya ce ta taho, na ji yatsunta sun matse nawa. Na rufe ido ina karanta Ayatul Kursiyyu.

Kaka ta ce, “Ta sha ruwan gora, ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Sai ta jiyo turmin gidansu, wani tsohon turmi mai tsaga. Ta ce, af, ga uwata can tana daka ita kaɗai. Ta ce masa, mai rawani, jira ni nan, in tahi in taya ta, in an gama dakan gidanmu ina dawowa. Ya ce to. Ta bi ƙarar turmi har gida.”

Kaka ta ɗauki goronta tana ɓarewa. Sai muryar ƙanwata, a dushe don daɗewar da ta yi ba magana: “Shi fa?”

“Yana can yana jira, gora a hannu. Ke, tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa ganin ranar da daka ya ƙare a gidan ga?”

Tsohuwar nan da muke aiki tare a fako ce ta fara ƙyalƙyalewa, sauran mata suka ɗauka. Ƙanwata ta yi wata ƴar dariya da ta karye a tsakiya ta zama kuka. Ta kifa kanta a cinyata ta yi ta yi, irin kukan da ba ta yi ba tun tafiyar mijinta, Inna na shafa mata baya. Kaka ba ta jira ba, ta rufe tatsuniyar yadda ake rufewa, da ƙarfi, don kowa ya ji.

Da kukan ya lafa ƙanwata ta ɗago ta ce, “Yaya, ba ni ruwa.” Na ɗebo a randa da babban moɗa. Ta shanye, ta miƙo na ƙaro. Daga zaure na ji Baba ya ce alhamdu lillahi.

Da safe ƙarar turminmu ce ta tashe ni, na leƙa na ga ita ce da Inna. Na wuce wajen Kaka na ce mata ni ba haka na san ƙarshen tatsuniyar nan ba, kuma na ji ta a bakinta ba sau ɗaya ba. Ta ci gaba da kaɗinta ta ce, “Da can ma haka take. Ke ce ba ki saurare da kyau.”